Tausar Magudanar Huhu a Likitancin Gargajiya na Ƙasar Sin

Daga cikin dabarun kula da lafiya da Sinawa suka gada daga magabatansu akwai wata tausa da mutum yake yi wa kansa da hannunsa, yana bin wani layi da ya taso daga saman ƙirji kusa da kafaɗa, ya gangaro ta gaban damtse da lanƙwasar gwiwar hannu, ya ƙare a gefen farcen babban yatsa, kuma wannan layi shi ne likitocin gargajiya na ƙasar Sin suke kira magudanar huhu. Masu koyar da tausar suna danganta mata amfani iri biyu, wato sauƙaƙa numfashi ga mai tari ko mai jin nauyi a ƙirji, da kuma sassauta baƙin ciki da damuwa, domin a tsarin tunaninsu huhu shi ne gaɓar da alhini yake fara taɓawa. Da yake dabarar ba ta buƙatar kuɗi ko kayan aiki, ta yaɗu nesa da ƙasarta ta asali, har ta kai ga mutanen da ba su san tushenta ba, waɗanda wasunsu suke karɓarta a matsayin waraka ga kowace cutar ƙirji, wasu kuma suke watsi da ita baki ɗaya a matsayin camfi. Adalci ga wannan batu yana buƙatar a fara fahimtar dabarar yadda masu ita suka fahimce ta, sannan a auna ta da abin da binciken zamani ya tabbatar, domin tausar tana iya kawo sauƙi na gaskiya ga yadda mutum yake jin numfashinsa, amma jin sauƙi daban yake da warkewar huhu, kuma ran majiyyaci yana iya rataya a kan sanin wannan bambanci.

Asalin tunanin magudanai

Ginshiƙin likitancin gargajiya na Sin shi ne abin da suke kira qi, wanda ake furtawa kamar "chi", wato wani ƙarfin rayuwa da jiki yake samu daga iskar da aka shaƙa da abincin da aka ci da kuma gadon iyaye, wanda aka ɗauka yana zagaya jiki tare da jini ta wasu hanyoyi da ake kira jingluo, ma'ana manyan magudanai da ƙananan rassansu. Lafiya a wannan fahimta ita ce gudanar qi ba tare da tangarɗa ba, cuta kuwa tana zuwa idan ya tsaya wuri ɗaya, ko ya yi ƙaranci, ko ya juya ya bi inda bai kamata ba. Tsoffin marubutan Sin sun rayu ne a daular da arzikinta ya dogara ga sarrafa koguna da ban ruwa, shi ya sa suka kamanta magudanan jiki da manyan kogunan ƙasarsu, kuma duk wanda ya ga yadda mai lambu a fadama yake buɗe wata hanyar ruwa ya toshe wata domin ruwa ya isa kowane fangali, zai gane irin aikin da suke ganin likita yana yi da allurarsa ko da yatsansa.

Wannan taswira ta jiki ba ta samu a rana ɗaya ba. A shekarar 1973 masu binciken kayan tarihi suka tono wani kabari a Mawangdui, kusa da birnin Changsha na lardin Hunan, wanda aka rufe tun shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa, suka samu rubuce-rubuce a kan ƙyallen alharini da suke bayanin hanyoyi goma sha ɗaya kawai a jikin mutum, ba su kuma ambaci soka allura ba, sai gasa fata da wuta. Hanyar da daga baya ta zama magudanar huhu tana cikinsu, sai dai a waɗannan rubuce-rubuce ta taso ne daga hannu ta nufi zuciya, kuma cututtukan da aka jingina mata sun shafi ciwon zuciya. Sai a littafin Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa a zamanin daular Han kuma har yau shi ne uwar littattafan wannan fanni, aka mayar da magudanan goma sha biyu, aka ɗaura kowace ga wata gaɓa ta ciki, aka haɗa su da juna su zama da'ira guda wadda magudanar huhu ce farkonta. Huangfu Mi ya tattara gurabe 349, wato wuraren da ake soka wa allura a jiki, a ƙarni na uku na Miladiyya, Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumi na tagulla masu ɗauke da alamun guraben a shekarar 1027 domin koyar da ɗalibai, kuma a shekarar 2008 ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na yankin yammacin tekun Fasifik ya fitar da daidaitaccen bayanin wuraren gurabe 361, bayan da aka lura cewa makarantun Sin da Japan da Koriya sun sha bamban a kan inda da yawa daga cikinsu suke. Wannan tarihi yana nuna cewa magudanai aikin tunanin ɗan Adam ne da aka yi ta gyarawa ƙarni bayan ƙarni.

Ita ma tausa tana da dogon tarihi a wannan likitanci. A zamanin daular Tang ofishin likitocin fada yana da sashe na musamman na anmo, wato dannawa da shafawa, kuma littafin da Chao Yuanfang ya jagoranci rubutawa a shekarar 610 a kan musabbaban cututtuka ya ba da shawarar motsa jiki da sarrafa numfashi ga cututtuka masu yawa, kamar yadda Sun Simiao, shahararren likitan ƙarni na bakwai, ya rubuta hanyoyin da mutum zai tausa kansa domin tsawon rai. Sunan tuina, wato turawa da damƙa, wanda aka fi sanin tausar Sin da shi a yau, ya bayyana ne a zamanin daular Ming. Bayan yunƙurin soke likitancin gargajiya a shekarar 1929, wanda bai yi nasara ba, gwamnatin Sin ta kafa manyan kwalejoji huɗu na wannan fanni a Beijing da Shanghai da Guangzhou da Chengdu a shekarar 1956, kuma littattafan karatun da aka tsara tun daga wannan lokaci su ne tushen yawancin abin da ake koyarwa yanzu a kan magudanar huhu.

Matsayin huhu a wannan tsari

Abin da likitan gargajiya na Sin yake nufi da huhu ya fi faɗin abin da likitan tiyata yake gani idan ya buɗe ƙirji, domin a wurinsa huhu suna ne na tarin ayyuka da suka haɗa da shaƙar iska, da mulkin qi na dukkan jiki, da watsa shi zuwa fata, da saukar da shi ƙasa tare da ruwan jiki. Huangdi Neijing ya kamanta gaɓoɓin ciki da fadar sarki, ya ba zuciya sarauta, ya ba huhu matsayin waziri mai tsara tafiyar al'amura. Huhu ne kuma aka ɗora wa kula da weiqi, wato qi mai tsaro da yake yawo a ƙarƙashin fata yana buɗe ƙofofin gumi yana rufewa, shi ya sa ake ganin mura da mashaƙo a matsayin harin iska mai sanyi ko mai zafi da ta keta wannan katanga. Ana kiran huhu gaɓa mai rauni saboda shi kaɗai ne yake buɗe kai tsaye ga iskar waje ta hanci da maƙogwaro. Tari da haki a wannan bayani alama ce ta cewa qi na huhu, wanda ɗabi'arsa sauka ce, ya juya ya yi sama.

Akwai kuma tsarin wuxing, wato rukunai biyar na itace da wuta da ƙasa da ƙarfe da ruwa, waɗanda tsoffin Sinawa suka rarraba duk abin da ke duniya a ƙarƙashinsu. Huhu ya faɗa rukunin ƙarfe, tare da babban hanji wanda ake ɗauka abokin aikinsa ne, da lokacin kaka, da bushewar iska, da farin launi, da ɗanɗano mai yaji, da hanci, da fata da gashin jiki, da kuma baƙin ciki. Daga nan ne alaƙar huhu da halin zuciya ta samo asali, domin tsoffin littattafan sun koyar da cewa fushi yana cutar da hanta, yawan tunani yana cutar da saifa, tsoro yana cutar da ƙoda, baƙin ciki kuwa yana cinye qi na huhu, har mutum ya koma mai gajeren numfashi da raunin murya da kasala da yawan ajiyar zuciya. Bayan haka, an raba awa 24 na yini ga magudanai goma sha biyu, kowace ta samu awa biyu da ake cewa qi ya fi cika a cikinta, kuma rabon huhu shi ne daga ƙarfe 3 zuwa ƙarfe 5 na dare, gab da asuba, shi ya sa likitan gargajiya yake tambayar mai tari ko mai makoki ko yana yawan farkawa a wannan lokaci.

Hanyar magudanar da gurabenta

Cikakken sunan magudanar shi ne Shou Taiyin Fei Jing, wato magudanar huhu ta hannu mai rinjayen yin, inda yin yake nufin ɓangaren sanyi da ciki da natsuwa, kishiyar yang. Bisa bayanin littattafan, tana farawa ne a ɓoye a tsakiyar ciki, ta sauka ta haɗu da babban hanji, ta dawo ta bakin tumbi, ta ratsa tantanin da ya raba ƙirji da ciki, ta shiga huhu, ta hau maƙogwaro, sannan ta fito fili a saman ƙirji ta gangara hannu. A wannan sashe na fili akwai gurabe 11 a kowane hannu, kuma ana auna tazararsu da cun, ma'aunin da ake ɗauka daga jikin mutumin kansa, inda faɗin gaɓar babban yatsansa yake zama cun ɗaya, faɗin yatsunsa huɗu a haɗe yake zama cun uku, tsakanin lanƙwasar gwiwar hannu da ta wuyan hannu kuma cun goma sha biyu.

Gurbi na farko shi ne Zhongfu, wanda yake a saman ƙirji, cun shida daga tsakiyar ƙirji zuwa wajen kafaɗa, daidai saitin tsakanin haƙarƙari na ɗaya da na biyu, sai Yunmen da yake cun ɗaya a samansa, a cikin ɗan ramin da ke ƙarƙashin ƙashin da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, kuma su biyun ake nufa idan ana kukan cushewar ƙirji da tari. Bayan Tianfu da Xiabai da ke damtse, sai Chize a lanƙwasar gwiwar hannu, a gefen kakkaurar jijiyar da take tasowa idan an tanƙwara hannu, ta ɓangaren babban yatsa, wanda ake amfani da shi ga tari mai zafi da kaki mai kauri. Kongzui yana cun bakwai sama da wuyan hannu, kuma ana jingina masa matsalolin da suke tasowa farat ɗaya. Lieque, wanda yake cun ɗaya da rabi sama da wuyan hannu, ya shahara saboda sauƙin nemo shi, domin idan mutum ya sarƙe hannayensa ta tsakanin babban yatsa da manuniya, kan manuniyar hannu ɗaya yana sauka a kansa, kuma daga nan ne wani reshe yake ballewa zuwa manuniya ya miƙa qi ga magudanar babban hanji. Ana danna shi domin mura da ciwon kai da sanƙarewar wuya.

Bayan Jingqu sai Taiyuan, a kan lanƙwasar wuyan hannu inda ake jin bugun jini, wanda ake ɗauka shi ne gurbin ƙarfafa huhun da ya daɗe da rauni, kuma a wannan yanki ne likitocin Sin suke ɗora yatsu uku domin karanta bugun jijiya, saboda akidarsu cewa dukkan hanyoyin jini suna hallara a huhu. Yuji yana a tsokar gindin babban yatsa, a iyakar da fatar tafi ta haɗu da ta bayan hannu, ana murza shi domin ciwon maƙogwaro da dishewar murya, sai na ƙarshe, Shaoshang, a gefen tushen farcen babban yatsa, inda likitoci suke ɗan fitar da jini idan maƙogwaro ya kumbura, aikin da ba na mai tausa a gida ba ne.

Yadda ake tausar

Tausar da ake koya wa mutane su yi wa kansu mai sauƙi ce. Mutum yana zama a miƙe cikin natsuwa, ya sassauta kafaɗunsa, ya goga tafukansa har su yi ɗumi, sannan ya ɗora yatsun hannun dama a kan Zhongfu da Yunmen na hagu, ya danna a hankali yana murzawa a zagaye na tsawon minti ɗaya ko biyu, yana shaƙar iska ta hanci yana fitar da ita sannu a hankali. Daga nan yana shafa hannun da tafi ko da babban yatsa daga ƙirji zuwa farce, domin an ɗauka nan ne qi na wannan magudana ya nufa, yana tsayawa a Chize da Lieque da Taiyuan da Yuji ya ba kowane gurbi nasa lokaci, kafin ya koma ɗaya hannun. Wasu malamai suna ƙara bubbuga layin da tafin hannu a ɗan ƙumshe. Ma'aunin ƙarfin dannawa shi ne a ji ɗan tsami ko nauyi a wurin, ba zafin da zai sa a ɗauke numfashi ba, kuma a kan Taiyuan ana taɓawa ne sama-sama saboda jijiyar jinin da ke ƙarƙashinsa.

Ba kasafai ake koyar da tausar ita kaɗai ba, domin tana cikin babban fannin yangsheng, wato renon rayuwa, wanda ya ƙunshi abinci da barci da motsa jiki. Ana haɗa ta da liuzijue, sautuka shida da ake fitarwa tare da numfashi, waɗanda bayaninsu ya zo a rubutun Tao Hongjing wanda ya rasu a shekarar 536, inda sautin huhu yake zama dogon "si" da ake fitarwa ta tsakanin haƙora, ko kuma da motsa jikin baduanjin, wanda ɗaya daga cikin motsinsa takwas yake kwaikwayon jan baka domin buɗe ƙirji. Abin lura shi ne cewa duk waɗannan hanyoyi suna tilasta wa mutum ya zauna, ya miƙe ƙirjinsa, ya tsawaita fitar da numfashi, ya kuma mayar da hankalinsa ga jikinsa na wasu mintuna, kuma waɗannan abubuwa su ne mabuɗin fahimtar abin da binciken zamani ya gano.

Abin da binciken zamani ya gano

Masana ilmin ƙirar jiki sun daɗe suna fiɗar jikin ɗan Adam da dubansa da na'urori, ba su kuma samu wata hanya ta musamman da ta haɗa huhu da babban yatsa ba, haka nan ba a samu na'urar da ta auna qi ba. Iƙirarin da Kim Bong-han na Koriya ta Arewa ya yi a shekarun 1960 cewa ya gano ƙananan bututun magudanai bai samu karɓuwa a ilmin ƙirar jiki ba. Abin da ke ƙarƙashin layin magudanar huhu sanannu ne, wato tsokokin ƙirji, da jijiyoyin saƙo masu kai ji daga fatar hannu zuwa laka, da jijiyar jinin da ake jin bugunta a wuyan hannu. Shigar da hukumar UNESCO ta yi wa aikin allura na Sin cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2010 karramawa ce ta al'ada, kuma babin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware wa likitancin gargajiya a kundin rarrabe cututtuka na goma sha ɗaya, wanda aka amince da shi a shekarar 2019, an yi shi ne domin ƙididdiga da tattara bayanai, hukumar da kanta ta bayyana cewa ba shaida ce ta ingancin magungunan ba.

Duk da haka, akwai dalilai na zahiri da suke sa mai tausar ya ji sauƙi. Babban mutum mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, kuma idan ya rage zuwa wajen sau shida tare da tsawaita fitar da iska, sashen jijiyoyin da ke kwantar da jiki yana samun rinjaye, bugun zuciya yana daidaita, fargaba tana lafawa. Mai fargaba kuwa yakan yi numfashi gajere da sauri daga saman ƙirji, ya fitar da iskar kabon fiye da kima, abin da yake jawo jiri da ƙaiƙayin yatsu da jin kamar iska ba ta isa, sai tsoron ya ƙaru, numfashin ya ƙara sauri. Tsokar da ke ƙarƙashin Zhongfu tana cikin tsokokin da suke taimaka wa numfashi idan ya yi wuya, tana kuma ɗaurewa ga mai yawan duƙufa ko mai damuwa, don haka murza ta yana sassauta gaban kafaɗa. Bugu da ƙari, masu bincike a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin sun nuna a shekarar 2009 cewa a fata mai gashi, irin ta hannu, akwai wasu jijiyoyin saƙo da suka fi amsa shafa mai taushi da take tafiya santimita 1 zuwa 10 a daƙiƙa, kuma motsuwarsu tana tafiya tare da jin daɗi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da yake buƙatar a yarda da wanzuwar magudana.

An gudanar da ƙananan gwaje-gwaje, musamman a Taiwan, a kan danna gurabe ga masu daɗaɗɗiyar cutar toshewar hanyoyin iska, kuma wasunsu sun ba da rahoton raguwar haki da damuwa, sai dai yawan mutanen da aka gwada kaɗan ne, kuma yana da wuya a ɓoye wa majiyyaci da mai tausa ko gurbin gaske ake dannawa ko na kwaikwayo. Nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken likitanci, ta yi a kan aikin allura ga masu asma ya kammala da cewa babu isasshiyar hujja da za a ba da shawara a kanta. Gwajin da ya fi haskaka wannan batu shi ne wanda Michael Wechsler da Ted Kaptchuk da abokan aikinsu na jami'ar Harvard suka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a shekarar 2011, inda aka ba masu asma, a lokuta daban-daban, maganin shaƙa na gaskiya mai suna albuterol, ko abin shaƙa marar magani, ko allurar kwaikwayo, ko kuma aka bar su haka nan. Da aka auna ƙarfin iskar da huhunsu yake fitarwa, maganin gaskiya ya ƙara shi da kashi 20 cikin 100, sauran ukun kuwa da wajen kashi 7 kowane. Amma da aka tambaye su irin sauƙin da suka ji, maganin gaskiya ya samu kashi 50, abin shaƙa marar magani kashi 45, allurar kwaikwayo kashi 46, zama ba komai kuma kashi 21. Ma'anar wannan ita ce kulawa da tsammanin waraka suna iya sa mai asma ya ji numfashinsa ya buɗe alhali hanyoyin iskarsa suna nan a tsuke, kuma a nan ne amfanin irin wannan tausa da haɗarinta suka haɗu wuri guda.

Baƙin ciki da numfashi

Ya kamata a yaba wa tsoffin likitocin Sin a kan kaifin lurarsu, ko da bayanin da suka gina a kanta bai tsaya ba. Alaƙar alhini da numfashi abu ne da likitancin zamani ya tabbatar, domin a shekarar 1944 likitan ƙwaƙwalwa Erich Lindemann, wanda ya kula da iyalan waɗanda suka rasu a gobarar Cocoanut Grove ta birnin Boston a Amurka a shekarar 1942, ya rubuta cewa sabon makoki yana zuwa da shaƙewar maƙogwaro da gajeren numfashi da yawan ajiyar zuciya da rashin ƙarfi, waɗanda kusan su ne alamomin da littattafan Sin suka jingina wa raunin qi na huhu. Haka nan lokacin da suka ware wa huhu ya dace da abin da aka sani yanzu, cewa aikin huhun mai asma ya fi yin ƙasa wajen ƙarfe 4 na dare, saboda sauyin da ake samu a sinadaran jiki da jijiyoyi a lokacin barci.

Ga wanda aka yi wa rasuwa ko yake cikin damuwa, ɗora hannu a ƙirji da jan numfashi a tsanake na mintuna kaɗan abu ne mai amfani, domin yana ba shi abin da zai yi da kansa a lokacin da yake jin komai ya kuɓuce masa. Wata fa'idar tsarin Sin ita ce bai ɗauki baƙin ciki a matsayin abin kunya ko raunin hali ba, ya ɗauke shi a matsayin lamarin jiki da ake kula da shi kamar tari, kuma wannan yana sauƙaƙa wa mutanen da ba sa iya furta damuwarsu su nemi taimako. Sai dai idan alhini ya zarce wata shida yana hana mutum gudanar da rayuwarsa, ko ya zo da daina cin abinci da yanke ƙauna da tunanin hallaka kai, to ya zama lalurar da take buƙatar likitan ƙwaƙwalwa da tallafin dangi, kuma babu gurbin da za a danna ya wadatar.

Iyaka da hattara

Danna gurabe da yatsa ba shi da haɗari sosai idan aka kwatanta da soka allura a saman ƙirji, wadda za ta iya huda tantanin huhu idan marar ƙwarewa ya yi ta. Duk da haka ba a tausa wurin da yake da rauni ko kumburi ko ƙurji ko karaya, masu shan maganin tsinka jini suna dannawa ne da taushi, mai juna biyu kuma tana fara tuntuɓar ma'aikatan lafiya. Babban haɗarin yana cikin jinkiri. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 suna fama da asma, kuma cutar ta kashe mutum 455,000, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi inda maganin shaƙa yake wuyar samu, yayin da cutar toshewar hanyoyin iska ta kashe fiye da mutum miliyan uku a shekarar ta 2019.

Wannan gargaɗi ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Likitancin Sin ba baƙo ba ne a Afirka, domin tun shekarar 1963 da Sin ta tura tawagar likitocinta ta farko zuwa Aljeriya, irin waɗannan tawagogi sun yi aiki a Sudan da Kamaru da Nijar, kuma Bahaushen da ya san tausa da ƙahon wanzami ba zai ga dabarun Sinawa a matsayin abin mamaki ba. Amma ƙurar hunturu da hayaƙin itacen girki suna tayar da cututtukan ƙirji na gaske, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yi wa katutu a duniya, alhali gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Tarin da ya kai mako biyu, ko ya zo da jini ko rama ko gumin dare, da hakin da yake hana mutum ƙarasa magana, da ciwon ƙirji mai tsanani, da yaron da yake numfashi da sauri haƙarƙarinsa yana lotsawa, duk alamomi ne na asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Matsayin da ya dace da tausar magudanar huhu shi ne na mataimakiya: dabara ce mai arha da take koya wa mutum natsuwa da sarrafa numfashi, wadda ta fito daga al'adar da ta daɗe tana lura da jikin ɗan Adam da idon basira. Mai asma zai iya yin ta bayan ya shaƙi maganinsa, mai makoki zai iya yin ta tare da neman dangi da likita, amma wajibi ne ga duk mai koyar da ita ya faɗa wa ɗalibansa a fili cewa ba ta buɗe tsukakkiyar hanyar iska, ba ta kuma kashe ƙwayar tarin fuka.